Su Wa Za Su Kawo Makaho?

Karatu: Markus 8:22-26, Yohanna 9:1-7

 Maganarmu ta watan nan a kan makanta ta ke. Muna roƙon kowa ya buɗe Littafinsa ya karanta wuraren nan biyu tukuna, gama ba za mu maimaita su a nan ba, sai dai mu nuna abin da mu ke so ku lura da shi.

Markus ya ba mu labarin ranar da Ubangiji ya shiga Betsaida. Akwai wani makaho a wurin. Ba shi ne ya nemi Yesu ba, ba shi ne kuma ya yi roƙo ba. Waɗansu mutane ne suka jawo shi har gaban Yesu, su ne kuma suka yi roƙo a madadinsa. Markus bai faɗa mana sunayensu ba, bai ce su nawa ne ba, ko dangin makahon ne ko maƙwabta. Ba su da ikon buɗe idon kowa. Abu biyu kaɗai su ke da shi: sun san inda mai warkarwa ya ke, suna kuma da ido da ƙafa da za su kai mutum wurinsa. Da sun yi zamansu a gida ran nan, da Yesu ya shiga Betsaida ya fita, makahon yana zaune a gindin bango, bai ma san abin da ya wuce shi ba. A kan mutanen nan marasa suna mu ke so mu tsaya.

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga zuwa Shagari ya san abin da za mu faɗa. Ran kasuwa, ko a tasha, ko a ƙofar masallaci ran Jumma'a, ko a ƙofar majami'a ran Lahadi, za ka ga dattijo riƙe da ƙarshen sanda, yaro ɗan shekara bakwai ko takwas riƙe da ɗaya ƙarshen. Mu kan sa hannu a aljihu mu ba shi abin da ya sawwaƙa, ya sa mana albarka, mu wuce muna ji mun sauke nauyi. Sadaka abu ne mai kyau, ba mu hana kowa ba. Amma ku duba, sandan nan guda mutum biyu ya ɗaure. Dattijon ya bar gonarsa, yaron ya bar karatunsa, ba kuwa zai koma ba sai ran da aka binne kakansa, sa'an nan ya yi girma da shiga aji ɗaya. Waɗanda mu ke gani a kasuwa ma kaɗan ne. Mafi yawa suna cikin gidaje a Sifawa da Kajiji da Dandin Mahe da ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina: tsofaffin mata waɗanda ba su fita bara, sai zaman ɗaki, jika ce ke kai su bayan gida ta komo da su.

Tsakanin 2005 da 2007 aka yi babban bincike a dukan Nijeriya, aka duba idon mutane fiye da 13,000, 'yan shekara 40 zuwa sama. Aka iske mutum 4 cikin kowane 100 makafi ne, watau fiye da mutum miliyan ɗaya a ƙasar duka, Arewa kuwa ta fi Kudu. Amma ga abin da ya kamata ya hana mu barci: in aka tara makafin nan 100, guda 84 makantarsu iri ce wadda da an hana ta tun fari, ko kuwa wadda a ke iya warkarwa. A Jihar Sakkwato ma an yi irin ƙidayar nan a 2005, aka sami kusan mutum 2 cikin 100 makafi, in an haɗa da yara, fiye da rabinsu kuwa yanar ido ce ta rufe su. Yana kuwa cirewa a ke yi.

Laifin wa?

Sa'an da almajiran Yesu suka ga mutumin nan da aka haifa makaho, abin da ya fara zuwa bakinsu shi ne neman mai laifi, ko shi ne ko iyayensa. Suka mai da ɗan Adam abin muhawara, yana zaune yana jinsu. Ubangiji ya ƙi binsu a hanyan nan. Ya nuna musu ba zancen laifi ba ne, wuri ne da aikin Allah zai bayyana, ya kuma tuna musu rana ba ta jiran mai aiki. Daga nan ya sunkuya ya kwaɓa ƙasa, ya shafa masa, ya aike shi wanka.

Mu ma muna da irin namu bakin. In idon tsoho ya rufe, sai mu ce tsufa ne. In na saurayi ne, sai mu ce jifa ne, ko sammu, mu fara zargin kishiyar uwa. In mun rasa ta cewa, sai mu ce haka Allah ya rubuta, mu naɗe hannu. Hakika ba abin da ke faruwa a ɓoye ga Allah, mun gaskata wannan. Amma Allahn da ya halicci ido shi ne ya ba mutum hikimar gyara shi, kamar yadda ya ba manomi hikimar yin kunya. Ba mu taɓa ganin wanda ya ƙi shuka ya ce in Allah ya rubuta zai ci tuwo ba. Akwai kuma waɗansu masu wa'azi a zamanin nan da ke gaya wa mutane zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Wannan koyarwa ba daga Littafi ta ke ba. Luka, wanda ya rubuta mana Bishara ta uku da Ayyukan Manzanni, likita ne, Bulus kuwa ya ambace shi da ƙauna da sana'arsa duka. A yi addu'a, i, a kuma hau mota.

Yanar ido

Bari mu ɗan daɗe a kan yana, gama ita ce babbar mai laifi, ita ce kuma mafi sauƙin kawarwa. A cikin ido, bayan baƙin nan da mu ke gani, akwai wata 'yar ƙwaya garau kamar ɗigon ruwa, ita ce ke tattara haske. In mutum ya manyanta ta kan fara hazo, kamar ƙwan fitila da hayaƙi ya turnuƙe. Ba zafi, ba ja. Yau ya kāsa zura zare a allura, baɗi ya kāsa gane fuska daga nesa, bayan shekara biyu ko uku sai ya bambanta rana da dare kaɗai. Ba wata fata ce ta tsiro a bisa idon ba, ba kuwa wani maganin ɗigawa ko na sha ko na turare da ke narkar da ita. Duk wanda ya sayar maka da irin wannan ya ci kuɗinka ne.

Abin da likita ke yi shi ne, ya kashe zafin wurin, ba sai an sa mutum barci ba, ya yi 'yar tsaga ƙanƙanuwa, ya fid da ƙwayar da ta yi hazo, ya sa wata ta roba mai tsabta a gurbinta. Sau da yawa aikin ba ya kai rabin awa. Kashegari a kware bandeji, mutum ya ga fuskar jikansa da aka haifa yana cikin duhu. Wani likitan Ingila mai suna Harold Ridley ne ya fara sa ƙwayar roba a idon mutum, a London a 1949. Ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi waɗanda ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shige musu ido, idon bai ƙi robar ba. Ku ga yadda Allah ke fid da magani har daga cikin ɓarnar yaƙi. Shekaru da yawa ƙwayar nan tana da tsada, sai masu hali, har a 1992 wani asibitin ido a Madurai ta ƙasar Indiya ya kafa ma'aikatar ƙera ta da araha domin talakawa. Wanda ya kafa asibitin a 1976, Likita Venkataswamy, da gado 11 ya fara.

Yanzu ga abin baƙin ciki. Akwai masu yawo gari gari da tsinke ko allura, su soki idon mai yana su tura ƙwayar ta faɗa can ciki. A ranar mutum ya kan ga haske da inuwar mutane, sai gida ya ɗauki guɗa, a ba mai tsinke akuya. Kafin ciwon ya taso ya yi nisa. Bayan kwanaki sai ido ya kumbura, ko ya yi ruwa, ko ya mutu sarai, yadda ko likita ba shi da abin yi. Binciken nan na Nijeriya ya nuna cikin idanu 10 da aka taɓa yi wa aikin yana, 4 masu tsinke ne suka yi, cikin waɗanda aka soka ɗin kuwa kimanin 7 cikin 10 aka iske har yanzu makafi ne.

Don me mutane ke ba shi idonsu? Kada mu yi saurin cewa jahilci. Mai tsinke ya zo har ƙofar gida. Ya yi sallama, ya zauna a tabarma, ya yi magana da harshen da tsohon ke ji, ya karɓi gero in ba kuɗi. Asibiti kuwa yana can birni, ba wanda ya zo ya ce ga hanya. Mai tsinke ba shi da magani, amma yana zuwa. Mu mun san inda magani ya ke, amma muna zaune.

Amosanin ido da sauransu

Na biyu shi ne amosanin ido, ciwon ƙasa mai ƙura da ƙarancin ruwa irin tamu. Ƙwayar cuta ce, tana bin kwantsa da majina daga yaro zuwa yaro, ta hannu, ta gefen zanen da uwa ke share wa 'ya'ya fuska da shi ɗaya bayan ɗaya, ta ƙudan da ke sauka a idon jariri. In ya yi ta kamawa shekara da shekaru, cikin fatar ido ya kan yi tabo, fatar ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar ido duk ƙiftawa. Shi ne mu ke kira gira. Kun san tsofaffin matan nan da ke rataye da ɗan hantsaki a wuya, suna tsige gashin ido, kwana kaɗan ya sake tsirowa ya fi na da kaifi. Ƙarshensa hakiya. Mata sun fi maza shan wahalarsa, domin su ne ke tare da yara dare da rana. Ga gira akwai ɗan aiki na mintoci kaɗan da ke juyar da fatar waje, ba lalle sai babban likita ba, ma'aikacin jinya da aka horar yana yi. Ga cutar kanta akwai ƙwayar magani da kamfanin Pfizer ya fara bayarwa kyauta tun 1998, an kuwa raba ta gida gida a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Sakkwato. Amma magani ba ya hana ta komowa in fuskar yaro tana nan da kwantsa, in kuma ba masai a gida, gama ƙudan nan a kashin mutum da ke fili ya ke haihuwa. Ba mu ce ruwan Siluwam ne ya buɗe idon mutumin nan ba, ikon Almasihu ne. Amma mu kan tuna da shi duk sa'an da muka ga abin da ruwa cikin tafin hannu biyu ke yi wa idon yaro da safe. Kada wani ya ce ba a iya raba ƙasa da ciwon nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Gana ta rabu da shi a matsayin annoba a 2018, Gambiya a 2021, Mali da Binin a 2023. Mali kuwa ba ta fi mu ruwa ba.

Ƙyanda ma tana makantar da yara, musamman yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki. Allurar rigakafinta kyauta ce, a wata 9. Ɗigon bitamin A da a ke ba yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 yana tsare ido, haka kuma zogale da kabewa da mangwaro da manja da hanta. Akwai hawan jinin ido, ɓarawo ne mai shiga ba motsi: yana cin gani daga gefe, abin da ya ci kuwa ba ya komowa, sai dai a tsai da shi in an gano da wuri. Wanda ya wuce 40, balle in a gidansu akwai wanda ya makance haka, ya je a auna masa ido ko ba ya jin kome.

Da kaka kuma, lokacin girbi da sussuka, ganyen gero ko ƙaiƙayi ya kan yanki baƙin ido. Rauni ne ƙarami, amma in ya kwana biyu ya kan zama gyambo. A nan ne mu ke ƙarasa idon da hannunmu. Wani ya ɗiga fitsari, wani ruwan ganye, wani ruwan sukari, wani ya sayi ɗigon da mai kyamis ya ga dama ya miƙo. Haka a ke yi in afolo ya shigo gari, alhali shi afolo ya kan wuce don kansa cikin kwanaki. Ido ba wurin gwaji ba ne. In ya yi ja da zafi har gani ya ragu, a ranar za a tafi, ba a jiran ran kasuwa.

Waɗanda suka riga suka biya

Ya kamata mu san waɗanda suka sha wahala kafin mu, domin mu ji kunya kaɗan, mu kuma yi godiya. A 1943 mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano ta hannun Likita Douglas Hursh, shi ne yau a ke kira Asibitin Ido na ECWA, mutane kuwa suna zuwa masa har daga ƙasashen maƙwabta. Kafin wannan, a 1908, wani fasto Bajamushe, Ernst Christoffel, ya buɗe gida domin makafi da marayu a Malatya ta ƙasar Turkiyya, daga aikinsa ƙungiyar CBM ta fito. Sai kuma John Wilson, Baturen Ingila wanda ya makance yana ɗan shekara 12 a 1931, sa'an da wani gwaji ya fashe a ajin kimiyya. Bayan yaƙin duniya na biyu ya zaga Afirka, ya iske ƙauyuka a arewacin ƙasar da yau a ke kira Gana inda makantar bakin rafi ta gama da manya, yara ke jan iyayensu zuwa gona. Ya koma gida ya kafa ƙungiya a 1950, ita ce yau Sightsavers. Makaho ne fa ya yi wannan. Ƙungiyar ta haɗa hannu da gwamnatin Jihar Sakkwato a shirin kula da ido tun daga 2005, aka horar da ma'aikata, aka yi wa mutane da yawa aikin yana da na gira. Da aka sake ƙidaya a yankin Wurno a 2016, aka iske makanta cikin dattawa ta ragu ƙwarai. Ita makantar bakin rafin kuwa, kamfanin Merck ya yi alkawari a 1987 zai ba da maganinta, Mectizan, kyauta muddin ana bukata, a farkon 2025 kuwa aka shaida maƙwabciyarmu Nijar ta zama ƙasa ta fari a Afirka da ta yanke yaɗuwarta.

Ba masu bi kaɗai ke aikin nan ba, gaskiya kuwa ta wajaba a faɗe ta. Likitan nan na Indiya ba Kirista ba ne. A Kano akwai Asibitin Ido na Makka, na 'yan'uwanmu Musulmi, yana yi wa talakawa aiki. Yawancin likitoci da masu jinyar ido a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran asibitocin Sakkwato Musulmi ne, 'ya'yan ƙasar nan. Muna gode wa Allah dominsu, muna kuwa yi musu addu'a.

Amma kada mu ɗauka hannun baƙo zai miƙu har abada. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ayyukan lafiya da yawa a Afirka suka tsaya cik. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci wata rana zai kwana da yunwa.

Tazarar da ta rage

To, ga likita, ga magani, ga ƙwayar roba mai araha. Me ya hana tsohon nan na Kajiji gani? Abubuwa ne ƙanana. Bai sani ba cewa ciwonsa yana da magani. Ko ya sani, amma yana tsoro, gama ya ji an ce a asibiti ƙwaƙule ido a ke yi a wanke a mayar. Ko ba kuɗin mota na mutum biyu, zuwa da komowa. Ko ba wanda zai bar gona ya zauna da shi kwana biyu a birnin da bai san kowa ba. Ko kuwa 'ya'yansa sun yi lissafi a zuci sun ce, mutumin da ya kusa kabari, me zai yi da ido? Wannan na ƙarshe zunubi ne, ko a gidan wa aka same shi. Ba ɗaya cikin abubuwan nan da ke bukatar likita. Mutanen Betsaida a ke bukata.

Mun san abin da waɗansunku za su ce: mu kaɗan ne a ƙasar Boɗinga da Shagari, 'yan ma'aikata da 'yan kasuwa da manoma kaɗan, majami'armu ma da ƙyar mu ke yi mata rufi. Gaskiya ne. Amma ba a ce mu gina asibiti ba. Mutum nawa a ke bukata su riƙe hannun makaho ɗaya? Kowannenmu ya san aƙalla gida guda da ke da tsoho ko tsohuwa a ɗaki. Mu fara da sanin sunansu. A Littafin Firistoci, sura 19, Allah ya hana a sa wa makaho abin tuntuɓe a hanya. Mu kan ce ba mu taɓa yin haka ba. Amma wanda ya san hanyar fita ya yi shiru, ba shi da nisa da mai sa dutsen. Ayuba kuwa, sa'an da ya ke tuna kwanakinsa na alheri a sura 29, cikin abin da ya lissafta har da zaman da ya yi wa makafi a maimakon ido.

A nan muna juyowa gare ku, iyayenmu mata na Zumuntar Mata. Akwai ƙofofin da fasto ba shi da ikon shiga, daidai ne kuwa, al'adar gidan mutane ce. Ku kuna shiga, wurin suna da biki da barka da ta'aziyya. Ku ne za ku ga hantsaki a wuyan tsohuwa, ku ne za ku ga farin nan a tsakiyar baƙin ido. Ku zauna kusa da ita ku ce, “Inna, tun yaushe idon nan ya rufe? Kina ganin hasken rana in kin fuskance ta?” In ta ce tana gani, akwai sa zuciya ƙwarai. Sai ku nemi ɗanta ko mai gidan da ladabi, ku ce, “Malam, irin ciwon Inna ana aikinsa a Sakkwato. In ka yarda a kai ta a duba, za mu raka ku.” Wadda aka riga aka yi wa aiki ta warke, ita ce mafi iya lallashin mai tsoro, ku tafi da ita in ta yarda.

Ga dattawan ekklisiya kuma, muna ba da shawara a keɓe baikon Lahadi ɗaya bayan kaka, sa'an da rumbu ya cika hanya kuma ta bushe, domin kuɗin mota da abincin masu jinya. A sa shi hannun mutum biyu amintattu, a rubuta shiga da fita, a karanta a gaban jama'a. A kuma fara da gaishe da mai unguwa da hakimi da liman, a gaya musu abin da a ke nufi a fili, gama su ne suka san mutanensu.

Ku lura da abu biyu da Ubangiji ya yi a Betsaida. Na fari, bai buɗe idon mutumin a tsakiyar taro ba. Ya kama hannunsa da kansa, ya fita da shi bayan gari, da ya warke kuma ya sallame shi gida, ya hana shi komawa cikin gari. A zamanin nan an mai da taimakon makafi abin talla: a jera tsofaffi da bandeji a rana, a ɗauki hoto, mai bayarwa yana tsaye a tsakiya da babbar riga. Kada a ga haka a cikinmu. Kada kuma wani ya mai da taimakon nan ƙugiyar kamun kifi, ya ce sai ka zo majami'a kafin mu kai ka. Yesu bai yi ciniki da makahon Betsaida ba. Maƙwabcinmu Musulmi ya tafi da addininsa ya komo da shi, da idonsa a buɗe. In ya tambaye mu dalilin da muka yi, za mu faɗa masa ba tare da kunya ba saboda wa muka yi. In bai tambaya ba, aikin bai lalace ba.

Na biyu, Ubangiji bai taɓa shi sau ɗaya ya tafi ba. Ya tsaya ya tambaye shi abin da ya ke gani, da mutumin ya nuna ganin bai washe ba, mutane suna yi masa kama da itatuwa, sai ya sake sa masa hannu. Mu ma kada mu kai mutum mu yar. Akwai ɗigon maganin da za a riƙa sa masa makonni, a kan lokaci, da hannu wankakke. Akwai ranar komawa a duba shi, ita ce kuwa mutane suka fi tsallakewa. Kada ya shiga hayaƙin murhu ko ƙurar sussuka, kada a sa masa kwalli, sai likita ya yarda. Wataƙila zai bukaci tabarau. Sau da yawa ɗaya idon ma yana jiran nasa aikin.

Za a sami waɗanda likita zai duba ya ce ba abin yi. A shirya zuciyarsu tun a hanya, kada a yi wa kowa alkawarin da ba a hannunmu ya ke ba. Waɗannan ma namu ne. In yaro ne, bara ba gādonsa ba ne: tun 1953 mishan ta SUM ta buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, inda su ke koyon karatu da yatsa da sana'a, akwai kuma makarantun gwamnati irinta. In babba ne, a ba shi wurin zama a gaba, a je a ɗauko shi ran Lahadi, a nemi shawararsa a taro. A Yariko taron da ke bin Yesu ne suka tsawata wa Bartimawas ya yi shiru, har Ubangiji ya tsaya ya sa su da kansu su kirawo shi.

Wanda zai yi rakiya, ya fara zuwa asibitin da ke kusa ya tambayi ma'aikacin ido ranar da a ke ganin masu ciwon ido da abin da za a biya, kafin a ɗora tsoho a mota, domin kada a yi tafiyar banza ya ce ba zai sake ba. A tafi da sassafe, da tabarma da mayafi da ɗan guzuri, da duk maganin da ya ke sha, musamman in yana da ciwon sukari ko hawan jini, gama likita zai tambaya. A kuma tafi da ɗaya daga cikin 'ya'yansa, wanda zai ji bayanin likita da kunnensa, ya riƙe katin.